Ƙarfi Iri-Iri a Bakin Romawa: Siffofin Latin da Nahawunsu

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau a filinmu na harshe da nahawu za mu yi nisan kiwo, mu leƙa Latin, harshen Romawan dā, wanda ya taso daga yankin Latium a tsakiyar Italiya, ya bi sojojin Roma da alƙalanta har tsibirin Birtaniya da gaɓar Afirka ta Arewa. A yau babu uwar da ke rarrashin ɗanta da Latin. Amma lauya na jefa shi a gaban alƙali, likita na rubuta shi, masanin tsirrai da shi yake raɗa wa itatuwa suna, kuma Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da Fotugis duk daga cikinsa suka fito.

Ba dukan harshen za mu ɗauko ba. Za mu tsaya kan siffofin da Romawa ke kwatanta ƙarfi da iko da su, mu ga yadda suke tafiya a cikin jimla. Kafin mu shiga, ga wata 'yar ƙa'ida ta furuci. A Latin na zamanin marubucin Romawa Cicero, harafin v ana faɗinsa kamar w, harafin c kuwa kamar k. Saboda haka abin da aka rubuta validus za ku ji ina cewa "walidus", acer kuma "aker". Limaman cocin Katolika suna da nasu furucin mai kama da Italiyanci, to kada wanda ya saba da shi ya ce na yi tuntuɓen harshe.

Bahaushe ba ya cewa tukunya jaruma ce, ba ya cewa alƙali yana da ƙarko. Muna da ƙarfi, da ƙwari, da ƙarko, da jarumta, da iko, kowanne da inda yake zama. Romawa ma haka suka rarraba abin, kuma mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna yaƙi da shari'a ba za su rasa kalmomin rarrabawa ba.

Mu fara da fortis. A rubutun ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, fortis ya fi karkata ga zuciya fiye da damtse: jarumi, wanda ba ya juya baya. Julius Kaisar, a farkon littafinsa kan yaƙin da ya yi a ƙasar Gaul tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin Miladiyya, ya kasa mutanen ƙasar gida uku, ya ce ƙabilun Belgae su ne suka fi kowa jarumta, kuma da wannan siffa ya yabe su. Har dalili ya kawo: suna nesa da wayewar lardin Roma, fatake ba su cika kai musu kayan alatu masu sanyaya zuciya ba, kuma kullum suna gwabzawa da Jamusawan da ke hayin kogin Rhine. A ganina yabon nan ba kyauta ba ne. Janar da ya kambama abokin gaba, kansa yake kambamawa, tunda shi ne ya ci su da yaƙi. Shi kuwa Cicero, a littafin da ya rubuta wa ɗansa kan haƙƙoƙi a shekara ta 44 kafin Miladiyya, ya tsaya kan cewa ƙarfin zuciyar da babu adalci a cikinsa bai cancanci a kira shi jarumta ba.

Kalmar ba a bakin manya kaɗai ta tsaya ba. A gidajen tarihi na Turai akwai wata 'yar fitila ta yumɓu mai cin man zaitun, girmanta bai wuce tafin hannu ba, da rami a sama na zuba mai, da ɗan baki a gaba inda lagwani ke leƙowa. Idan aka kifa ta, a gindinta za a ga haruffa shida sun taso: FORTIS. Sunan mai masana'antar ne, a garin Mutina, wanda yau ake kira Modena a arewacin Italiya. A ƙarni na ɗaya da na biyu Miladiyya fitilun nan sun bazu a lardunan daular, har maginan tukwane na wasu wurare suka riƙa kwaikwayon tambarin suna buga shi a nasu kayan. Kun ga jabu ba yau aka fara shi ba. Akwai kuma rundunar soja da sarki Trajan ya kafa a farkon ƙarni na biyu, wadda ta daɗe tana zaune a Masar kusa da Iskandariyya, sunanta Legio Secunda Traiana Fortis, wato runduna ta biyu, ta Trajan, jaruma.

Ƙarfin jiki kuwa, da lafiya, da ingancin abu, wannan aikin validus ne. Ya fito daga aikatau valere, zama lafiya da ƙarfi. Idan Baroma zai yi sallama da abokinsa sai ya ce vale, wato ka zauna lafiya. Daga wannan tushe aka sami sunan birnin Valencia na Sifen, wanda Romawa suka kafa a shekara ta 138 kafin Miladiyya da sunan Valentia, da sunan sarki Valens. Shi dai Valens sunan bai cece shi ba, domin Gotawa sun kashe shi tare da yawancin rundunarsa a yaƙin Adrianople a shekara ta 378. Ganuwa tana iya zama valida, magani ma haka, hujja ma haka. Masu saurarenmu na Nijar da ke jin an ce fasfo valide ne, wannan kalmar ce: takardar da ƙarfinta bai ƙare ba.

Robustus daga itace ya fito. Robur shi ne katako mai tauri, musamman na wata babbar bishiyar Turai da ake sassaƙa jiragen ruwa da ginshiƙai da ita, wadda Carl Linnaeus ya yi wa rajista a 1753 da sunan Quercus robur. Mutum robustus shi ne ƙato murɗaɗɗe, irin manomin da rana da sanyi suka gasa. Kofin robusta da ake nomawa a Uganda da Kwaddibuwa da Kamaru da Biyetnam ya sami sunan ne saboda ya fi ɗan'uwansa arabica jure zafi da cuta. Firmus kuma shi ne abin da ba ya girgiza, ko ƙasa ce, ko gini, ko alkawari, ko aboki. A liƙa masa in a goshi ya koma infirmus, mai rauni, kuma daga nan Faransanci ya sami infirmier, ma'aikacin jinya. Sai acer, mai kaifi, mai zafi. Ana faɗinsa ga takobi, ga ruwan tsami, ga doki mai zafin nama, ga yaƙin da ya yi tsanani.

Wanda na fi so mu daɗe a kansa shi ne potens. Dangin aikatau posse ne, wato iyawa. Potens shi ne wanda in ya so abu zai iya aiwatarwa, ko doka ta ba shi ko ba ta ba shi ba. Romawa suna da sunaye biyu daga wannan tushe, kuma ba sa haɗa su. Potestas shi ne ikon da doka ta damƙa wa mutum, kamar ikon mai riƙe da muƙami, ko ikon uba a kan iyalinsa, wanda suke kira patria potestas. Potentia kuwa shi ne ƙarfin faɗa-a-ji da mutum ya tara ta hanyar dukiya, da magoya baya, da tsoron da ake yi masa. Shi ya sa a rubutun siyasa na ƙarshen jamhuriyar Roma, idan aka kira mutum potens, sau da yawa ba yabo ba ne. Marubucin tarihi Sallust, wanda ya rubuta labarin makircin Catilina da na yaƙin Jugurtha sarkin Numidiya, ya yi ta kokawa kan yadda wasu 'yan tsiraru masu ƙarfi suka mallake jamhuriya. Sarki Augustus ma ya san wannan bambanci sarai. A bayanin ayyukansa da aka sassaƙa a jikin gine-gine bayan rasuwarsa a shekara ta 14 Miladiyya, ya yi iƙirarin cewa da martaba ya fi kowa, ba da ikon muƙami ba. Mutumin da duk rundunonin daular ke hannunsa ke faɗin haka.

Kishiyar potens ita ce impotens, kuma tana da fuska biyu. Ta farko ita ce wadda kowa zai zata: marar ƙarfi, wanda ba ya iya komai. Ta biyu ita ce wanda ba ya iya riƙe kansa, mai zafin kai, wanda fushi ko kwaɗayi ke ja. Saboda haka Baroma na iya duban azzalumin sarki mai dubban sojoji ya kira shi impotens, kuma babu wanda zai ce ya yi kuskuren kalma. Wanda ya san hadisin nan da ke bayyana mai ƙarfi na gaskiya da mallakar kai lokacin fushi, ba zai ji wannan tunani baƙo ba.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, har yanzu kuna tare da filin harshe da nahawu, kuma yanzu za mu shiga nahawun kansa.

Malaman nahawun Latin na dā, irin su Donatus na ƙarni na huɗu, da Priscian wanda ya koyar a Kustantiniyya wajen shekara ta 500 ya bar littafi mai juzu'i 18, ba su ware siffa a matsayin rukuni mai zaman kansa ba. Sun ɗauke ta wani nau'i ne na suna, sunan da ake jingina wa wani. Almajirin da ya karanta Ajurumiya zai ce ai haka yake a Larabci, inda siffa ke cikin ismu. Kuma gaskiya, wanda ya sha nahawun Larabci a zaure ya riga ya yi rabin tafiyar Latin, ya fi wanda Ingilishi kaɗai ya sani sauƙin kamawa.

Ga dalili. A Hausa siffa tana bin sunanta a jinsi da adadi: farin doki, farar goɗiya, fararen dawaki. A Larabci na'atu, wato siffa, yana bin man'utinsa, wato sunansa, har a li'irabi: rajulun ƙawiyyun, rajulan ƙawiyyan, rajulin ƙawiyyin. Latin yana yin duka ukun, jinsi da adadi da li'irabi, sai dai ya ƙara kaya. Jinsinsa uku ne: namiji, da mace, da na uku wanda ba namiji ba kuma ba mace ba, suna kiransa neutrum. Li'irabinsa kuma ba uku ba ne, shida ne. Akwai halin wanda ya yi aiki, da halin wanda aikin ya faɗa wa, da halin mallaka, da halin wanda aka yi wa abu ko aka ba, da halin da ke ɗauke da ma'anar "da shi" ko "daga gare shi", sai halin kira. Abu guda da ya sauƙaƙa shi ne babu alif da lam, don haka babu ruwan siffa da ma'arifa ko nakira.

Ku saurari soja jarumi yana zagaya waɗannan halaye. Miles fortis, jarumin soja, shi ya yi aikin. Militem fortem, shi aka yi wa. Militis fortis, na jarumin soja. Militi forti, ga jarumin soja. Milite forti, da jarumin soja. A jam'i kuma milites fortes, militum fortium, militibus fortibus.

Me wannan wahala ta saya wa Romawa? Ta saya musu 'yancin jera kalmomi yadda suka ga dama. Ku ji jimla biyu. Ta farko: fortis miles leonem necavit. Miles soja, leonem zaki, necavit ya kashe. Ma'ana, jarumin soja ya kashe zaki. Ta biyu: fortem miles leonem necavit. Ban motsa kalma ko ɗaya daga wurinta ba. Siffar tana nan a farko, maƙale da soja. Amma ta tashi daga fortis ta koma fortem, kuma wannan em ɗin ya nuna cewa ta zaki ce, domin shi ne ke cikin halin wanda aiki ya faɗa wa. Yanzu ma'anar ta zama soja ya kashe jarumin zaki. A Hausa ko Ingilishi, maƙwabtaka ce ke nuna wa siffa mai ita. A Latin ƙarshen kalma ne. Mawaƙansu sun ci moriyar wannan sosai, sukan ajiye siffa a farkon baiti, sunanta kuma sai can ƙarshe, mai sauraro na riƙe da ita a kai har ya iso.

To a nan ne mafi yawan ɗalibai ke faɗawa rami. Suna zaton dacewar siffa da suna tana nufin ƙarshensu ya yi amo ɗaya. Ba haka ba ne. Abin kamar anko ne na biki: yadi ɗaya ake ɗauka, amma kowa da ɗinkinsa. Ku ɗauki sunaye uku da duk suka ƙare da us: servus bawa, manus hannu, corpus jiki. Kunne zai ce jinsinsu ɗaya. Amma servus namiji ne, manus mace, corpus kuma jinsi na uku. Don haka sai a ce servus validus, manus valida, corpus validum. Haka nan nauta, matuƙin jirgin ruwa, ya ƙare da a kamar sunayen mata, amma namiji ne, sai a ce nauta validus. Mu ma muna da irin wannan a Hausa: yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne, amma gida da ruwa da nama maza ne, ba ma cewa farar gida.

Masana kimiyya har yau suna kiyaye wannan ƙa'ida. Wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum da Robert Broom ya bayyana a Afirka ta Kudu a 1938, mai manyan muƙamuƙai, sunanta Paranthropus robustus. Amma wata 'yar'uwar bishiyar turare da ke fitowa a gabashin Ostareliya sunanta Eucalyptus robusta, duk da us ɗin da ke ƙarshen Eucalyptus, saboda a al'adar Latin sunayen itatuwa mata ne.

Siffofin Latin gida biyu ne. Gidan farko shi ne mai sauƙi: us ga namiji, a ga mace, um ga jinsi na uku. Validus, valida, validum. Firmus, firma, firmum. Robustus, robusta, robustum. Gida na biyu ya fi rowa da ƙarshe. Wasu 'yan kaɗan a cikinsa suna da siga uku, kamar acer, acris, acre. Mafi yawansu siga biyu gare su, namiji da mace su yi tarayya a ɗaya, jinsi na uku ya ɗauki ɗaya: fortis ga soja, fortis ga sarauniya, forte ga abin da ba namiji ba ba mace ba. Wannan forte shi ne kuke gani a jikin kwalin wasu magunguna a kemis, alamar cewa wannan ya fi na yau da kullum ƙarfi. Sai dai a kula, Latin yana da wani forte daban, daga kalmar fors, wanda ke nufin "kwatsam" ko "bisa dace". Rubutunsu ɗaya, kuma ɗalibi da yawa ya mayar da mutumin da ya iso kwatsam ya zama wanda ya iso da jarumta.

Potens kuwa siga ɗaya tak gare shi a halin farko: rex potens sarki mai iko, regina potens sarauniya mai iko, regnum potens masarauta mai iko. Sai an motsa zuwa wani hali sannan ainihin tushensa ke bayyana da harafin t: regem potentem, regis potentis. Shi ya sa ƙamus ke rubuta shi da siga biyu, potens, potentis, don mai nema ya san inda zai ɗora sauran ƙarshen.

Tarayyar namiji da mace a fortis ta bar sawu a Faransanci. Yau Bafaranshe na cewa fort ga namiji, forte ga mace. Amma a tsohon Faransanci fort ɗaya ne ga duka biyun, kamar yadda aka gada daga Latin. Shi ya sa garin nan na yammacin Faransa ake kiransa Rochefort, alhali roche, wato dutse, mace ce. Kuma shi ya sa ake cewa grand-mère ba tare da e a ƙarshen grand ba, domin grandis ma ɗan wannan gidan ne.

Wani abin lura shi ne siffa na iya tsayawa ita kaɗai ta yi aikin suna, kamar yadda muke cewa manya ko ƙarfafa. Fortes, jarumai. Potentes, masu iko. Idan aka sa ta a jam'in jinsi na uku, fortia, sai ta zama ayyukan jarumta. Wasu siffofin kuma suna jan suna a bayansu su tilasta masa wani hali. Potens yana son halin mallaka: potens sui, mai mallakar kansa, impotens irae, wanda ya kasa mallakar fushinsa. Lauyoyi sun san 'yar'uwar wannan a cikin non compos mentis, wanda ba ya cikin hayyacinsa. Idan kuma ana son a faɗi ta wace fuska mutum ke da ƙarfi, sai a ɗauko hali na biyar, mai ma'anar "da shi": corpore validus, mai ƙarfi ta fuskar jiki, manu fortis, jarumi ta fuskar hannu, wato gwanin faɗa.

Sai fifiko. Bahaushe da aikatau yake fifitawa: zaki ya fi kare ƙarfi, wane ya fi kowa. Larabci yana sauya ginin kalma, ƙawiyyun ya koma aƙwa, kabirun ya koma akbar. Latin ɗafa-ƙeya yake yi, kuma mataki biyu ne. Na farko, ior ga namiji da mace, ius ga jinsi na uku: fortior, fortius, validior, validius, potentior, potentius. Na biyu, issimus: fortissimus, firmissimus, potentissimus, wanda ya fi kowa. Siffofin da suka ƙare da er su kan ninka r: acer, acrior, acerrimus.

Abin da aka fi kuwa hanya biyu ake kawo shi. Ana iya sa quam: leo fortior est quam canis, zaki ya fi kare jarumta. Ko a jefar da quam a sa kare a hali na biyar: leo cane fortior est. Ku tuna hali na biyar yana ɗauke da ma'anar "daga". Kun ga ya yi daidai da Larabci, inda ake cewa aƙwa min, wato a zahiri mafi ƙarfi daga wane.

Ba kullum fortissimus ke nufin an gwada mutum da kowa an ga ya fi ba. Sau da yawa ma'anarsa "jarumi ƙwarai" ce kawai. A majalisa da kotunan Roma, vir fortissimus lafazin girmamawa ne da ake liƙa wa sunan mutum, kamar yadda 'yan majalisarmu ke cewa mai girma wane kafin su soma sukarsa. Haka nan matakin farko, idan babu wanda ake gwadawa da shi, yana iya nufin abin ya ɗan yi yawa: acrior, ya cika zafi.

Daga siffa ake ƙera bayanau. Fortis ya ba da fortiter, cikin jarumta. Fifikonsa shi ne fortius, siga ɗaya da ta jinsi na uku, sannan fortissime. Wannan fortius shi ne ke cikin taken wasannin Olamfik, Citius, Altius, Fortius, wato a ƙara sauri, a ƙara tashi sama, a ƙara ƙarfi. Wani limamin Katolika Bafaranshe, Henri Didon, shi ya tsara shi, abokinsa Pierre de Coubertin ya ɗauka lokacin da aka kafa kwamitin Olamfik na duniya a 1894. A 2021, dab da wasannin Tokyo, aka ƙara kalma ta huɗu, Communiter, wato tare. Ku lura dukan ukun na farko matakin farko ne na fifiko, ba na ƙoli ba. Validus ma ya haifi nasa bayanau, valide, wanda baki ya gutsure ya koma valde, ma'anarsa ta sauka ta zama "ƙwarai" kawai.

Masu shari'a kuma suna da a fortiori, wato daga hujja mafi ƙarfi. Idan an hana mutum taɓa kuɗin maraya, to cinye su fa? Malaman usulu suna cewa min babi aula, Bahaushe kuwa kalma ɗaya ta ishe shi: ballantana. Da Cicero ne zai rubuta, da fortiore zai ce, da e a ƙarshe. Sigar mai i ta malaman Turai ce na tsakiyar zamani, kuma ita ce ta zauna.

Akwai 'yan siffofin da ba sa bin ƙa'ida, kuma su ne aka fi yawan faɗi. Magnus babba, maior mafi girma, maximus mafi girman duka. Magnus ne a cikin Magna Carta ta Ingila ta 1215, maximus ne a cikin Pontifex Maximus, shugaban limaman Roma. Maior kuwa ya biyo ta Ingilishi ya shigo barikin soja, shi ne Manjo da muke faɗi.

Da daular ta tsufa, bakin talakawa ya riƙa cinye ƙarshen kalmomi. Harafin m na ƙarshe tun da wuri ya daina fita sosai, wasula suka yi ta haɗewa, har ya zama kunne ba ya rarrabe fortem da forte. Da li'irabi ya rushe, dole jerin kalmomi ya karɓi aikinsa, shi ya sa Faransanci da Sifaniyanci ba su da 'yancin da Latin ke da shi. Ɗafa-ƙeyar ior ma ta tafi, aka koma sa wata kalma a gaba. Gaul da Italiya suka zaɓi plus, sai aka sami plus fort da più forte. Sifen da Fotugal suka zaɓi magis, sai aka sami más fuerte da mais forte. Ita kanta fortis ta sauko daga zuciya ta koma damtse, ta ture validus daga maganar yau da kullum, jarumta kuma aka nemo mata wasu kalmomi. Issimus ya fi samun gindin zama a Italiyanci, kuma daga can makaɗan Turai suka ɗauki fortissimo, wanda suke rubutawa da f biyu a takardar kiɗa idan ana son a buga da iyakar ƙarfi.

Ga aikin gida ga mai sha'awa. Ku ɗauki alƙalami, zan faɗi jimlar sau biyu. Firmum forti potens militi regina scutum dedit. Na sake: firmum forti potens militi regina scutum dedit. Regina sarauniya ce, scutum garkuwa kuma jinsi na uku ce, dedit ta bayar, miles kun riga kun san shi. Siffofi uku ne, sunaye uku, na hautsina su da gangan. Ku nemo wa kowace siffa mai ita, mu ji amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)